Nazarin Lamari: Kwana Biyar Ana Fama da Ɗora Katangar Tsaro a Kan Wata Saba

## Wurin da kayan aikin

Cibiyar koyar da kwamfuta ce mai zaman kanta a wani gari na Arewa maso Yammacin Najeriya. Akwai kwamfuta 40 a zauren ɗalibai, da 5 a ofis. Yawancin ɗaliban masu shirin jarrabawar shiga jami'a ne, wadda a kwamfuta ake rubuta ta. Duk injinan suna shan intanet daga rauta guda, wato akwatin da ke rarraba intanet, da kamfanin intanet ya kawo, kuma babu abin da ya raba kwamfutar akawu da ta yaron da ya yi rajista jiya. Datar wata ba ta kai ƙarshen wata, domin da malami ya juya baya sai a koma kallon bidiyo.

Hajiya mai cibiyar ta ce a nemo mafita. Saurayin da ke kula da injinan, wanda ya taɓa zama ɗalibina, ya kawo shawarar a sa katangar tsaro, abin da masu sana'ar ke ce wa fayawol. Inji ne da ake girkewa tsakanin intanet da kwamfutocin gida. Duk abin da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta gabansa, shi kuma ya bari ko ya hana bisa dokokin da aka rubuta masa. Ya zaɓi manhajar OPNsense saboda kyauta ce. Kamfanin Deciso na ƙasar Holan ne ya fitar da ita a Janairun 2015, reshe daga pfSense, wadda ita ma ta tsiro daga m0n0wall a 2004. Sau biyu ake fitar da sabuwa a shekara, Janairu da Yuli, shi ya sa wadda ya sauke take ɗauke da lamba 24.7, wato ta Yulin 2024. A kan FreeBSD aka gina ta, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta. Ba Windows ba ce, ba Linux ba ce, sunayen da take ba kayan cikin inji da irin ƙorafin da take rubutawa a allo duk nata ne daban.

Injin da aka saya saba ce ta hannu, wato babbar kwamfutar da aka yi don yi wa wasu kwamfutoci hidima, Dell PowerEdge R720, samfurin da ya fito a 2012. Tana da RAM gigabait 32, faifan ajiya biyu masu gigabait 300 kowanne, katin RAID mai haɗa faifan su yi aiki tare, ƙirar PERC H710, da kafofin kebul ɗin netwok guda huɗu a baya. Babu wurin sa faifan DVD, don haka ta filash za a ɗora manhajar. An tsara aikin yini guda ne, Litinin ta farko a watan Oktoban 2024. Kwana biyun farko ba na wurin. Abin da na rubuta game da su daga bakinsa na ji, da kuma hotunan allon da ya ɗauka a waya.

## Litinin: sabar ba ta ga abin tashi ba

Ya sauke fayil ɗin da datar wayarsa, ya kwafa shi cikin tsohon filash ɗinsa mai gigabait 8 kamar yadda ake kwafar hoto ko takarda, ya soke a kafar USB ta gaba, ya kunna. Irin wannan saba takan ɗauki 'yan mintuna tana duba jikinta kafin ta ba da damar danna F11, maɓallin da ke fito da jerin wuraren da za ta iya tashi daga gare su. Kibod ɗin bai amsa ba. Ya canza wani, shi ma shiru. Sai da ya zagaya ya soke a baya sannan ya yi aiki. Da ya shiga saitin injin ta F2, ya tarar da layin User Accessible USB Ports an ajiye shi a kan Only Back Ports On. Masu injin na da ne suka kashe kafofin gaba, kamar yadda aka saba yi a ɗakunan saba don kada mai wucewa ya soke wani abu. Ya mayar da shi All Ports On, aka wuce wurin.

Yanzu filash ɗin ya fito a jerin F11, amma da ya zaɓe shi sai sabar ta ce ba ta sami abin tashi ba. Fayil ɗin da ake saukewa, mai ƙarewa da .img.bz2, hoton faifai ne sukutum a matse. A cikinsa akwai teburin rabon faifai, da guntun umarnin da inji ke fara karantawa, da manhajar kanta. Wanda ya kwafa shi a matsayin fayil ya sauke bulo ne a fili, bai yi gini ba. Dole a shimfiɗa shi a kan filash ɗin tun daga farkonsa, ya danne duk abin da ke ciki.

Da yamma ya gano haka, ya nemo manhajar Rufus ya rubuta. Da aka gama sai Windows ta fito da saƙon cewa sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi. Ya danna amincewa. Windows ba ta karanta tsarin fayil na FreeBSD, shi ya sa take ganin filash ɗin kamar wanda ya lalace. Fomatin ɗin ya goge aikin da Rufus ta gama yi. Aka tashi daga aiki sabar ba ta tashi ba.

## Talata: rubutu ya tsaya cak

Ya sake rubutawa, wannan karon ya rufe saƙon Windows bai amsa ba. Sabar ta tashi daga filash. Tambarin OPNsense ya fito tare da ɗan jerin zaɓi, farin rubutu ya riƙa gudu a baƙin allo, can sai ya tsaya. Babu saƙon kuskure, babu wurin rubuta suna. Ya jira minti 20, ya kashe, ya kunna, nan dai ya sake tsayawa.

Daga nan har la'asar ya bi shawarwarin da ya riƙa cin karo da su a intanet. Ya juya yanayin tashi daga BIOS, tsohuwar hanyar tayar da inji, zuwa UEFI, sabuwar, ya dawo da shi. Ya nemi Secure Boot don ya kashe, bai gan shi a saitin ba. Ya zare rabin RAM. Ya canza allo. Ya ɗaga filash zuwa saman jerin tashi don ya huta da danna F11. Sau da yawa abu biyu ko uku yake canzawa a tashi guda, kuma bai rubuta ko ɗaya ba. Kowane gwaji na cin kusan minti 10.

A hanyarsa ta gida ya tsaya wajen wani mai tebur a bakin titi, ya sayi sabon filash da aka rubuta wa gigabait 64, a tunaninsa tsohon ne ya gaji. Bayan isha'i ya kira ni.

"Malam, ina jin mataccen inji aka sayar mana. Gobe Hajiya za ta ce a mayar."

Na ce ya bar komai yadda yake, kada ya ƙara taɓa saiti, ya tanadi littafi da biro kafin in zo.

## Laraba da safe: injin na magana ta wata ƙofa

Muka fara da mayar da RAM ɗin da ya zare, sannan muka bi saitin F2 shafi-shafi muna rubutawa a littafi yadda muka same shi. Yanayin tashi na kan BIOS, muka bar shi nan. Muka kunna da tsohon filash, rubutun ya tsaya inda ya saba.

Na matsa kusa da injin. Fitilar filash ɗin ba ta daina ƙyaftawa ba, alhali allon ya fi rabin minti a tsaye. Injin da ya sume ba ya ci gaba da karanta faifai. Na ce ya kawo laftof da kebul, ya soke a kafar netwok ta ɗaya. Ba a jima ba laftof ɗin ya karɓi adireshi mai farawa da 192.168.1. Muka buɗe burauza, muka rubuta 192.168.1.1, sai ga shafin shiga na OPNsense. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "To Malam, tun jiya ke nan tana aiki?"

Tun jiya tana aiki. Na ce ya nuna mini sunan fayil ɗin da ya sauke. OPNsense-24.7-serial-amd64.img.bz2. Shafin saukewar yana ba da iri huɗu. Akwai dvd na faifai, akwai vga na filash ga injin da ke da allo da kibod, akwai serial, shi ma na filash ne, sai nano na ƙananan akwatuna masu tashi daga kati. Hoton serial an yi shi ne domin injinan da ba su da kafar allo sam, irin ƙananan akwatunan fayawol. Yana tura maganarsa ta tsohuwar kafar siriyal a gudun 115200, a haɗa da wata kwamfutar a karanta daga can. R720 na da wannan kafa mai allura tara a baya. Duk tambayoyin da ya jira a allo ranar Talata ta can suka riƙa fita, babu mai karantawa.

Na tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wannan. Ya ce ya san harafin S na cikin USB daga kalmar serial ya fito, sai ya ɗauka shi ne na filash. Tunani ne na mai ilimi, kuma na ga wasu sun bi shi sun faɗa rami ɗaya.

Da muna da kebul ɗin siriyal da mun ci gaba daga nan. Akwai kuma hanyar shiga daga laftof ta SSH, wato ba injin umarni ta kebul ɗin netwok, da sunan installer. Amma na fi son ya ga aikin a allon injin da idonsa, tunda shi zai zauna da shi. Muka sauke hoton vga.

Kafin a rubuta, muka tabbatar fayil ɗin ya sauko cikakke. Masu manhajar suna wallafa wata doguwar lamba ta SHA256 ga kowane fayil, haruffa da alƙaluma 64. A Windows ana fitar da ta fayil ɗin da ke hannu da umarnin `certutil -hashfile`, a bi shi da sunan fayil da kalmar SHA256. Yana karantawa daga laftof, ina bi daga waya. Suka zo daidai. Ya rubuta a littafi: fayil lafiya lau.

## Laraba da rana: sabon filash

Na yarda a rubuta hoton vga a sabon filash, don tsohon ya zauna yadda yake a matsayin shaidar cewa sabar na tashi. Rubutun ya ci minti 25, alhali a tsohon bai kai 10 ba. Na lura da haka, ban tsaya a kai ba.

Wannan karon rubutun ya tsaya da ƙorafi a fili. Layin ya ƙare da "failed with error 19", a ƙasansa kuma `mountroot>` na jiran a rubuta masa wani abu. Tashin inji daga filash hawa biyu ne. A hawa na farko BIOS ce ke karanta filash ɗin, ta ɗauko zuciyar manhajar ta zuba a RAM. A hawa na biyu zuciyar ta karɓi ragama, ta sake laluben kayan injin da direbobinta, sannan ta nemi faifan da sauran manhajar ke kai. Idan filash ɗin ya yi nawa wajen bayyana kansa, za ta duba ba ta gan shi ba. Lamba 19 a nan na nufin ba a sami na'urar da ake nema ba. Muka danna alamar tambaya, wadda ke fito da jerin faifan da aka gani a lokacin. Filash ɗin ba ya ciki. Muna tsaye sai ga wani layi ya faɗo da sunan da0, sunan da FreeBSD ta ba filash ɗin. Ya iso, amma a makare.

Maganin wannan sananne ne. Muka sake kunnawa, da jerin zaɓin farko ya fito muka danna 3, muka rubuta `set kern.cam.boot_delay=10000`, sannan `boot`. Adadin na nufin daƙiƙa 10, wato a yi wa faifai jinkirin haka kafin a neme shi. Aka wuce mountroot.

Ba a yi nisa ba allon ya cika da wasu layuka masu maimaita kansu, ana ta sake gwada karatu, kowanne na ƙarewa da "error = 5". Lamba 5 kuskuren karatu ko rubutu ce a kan faifai. Muka canza abu ɗaya tak, muka mayar da filash ɗin kafar baya. Layukan suka dawo. A littafi akwai shaida biyu: fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, sabar kuma ta tashi da tsohon filash da safe. Abin da ya rage ba a gwada ba shi ne sabon.

Muka yi masa fomatin a laftof, muka sa masa H2testw, ƙaramar manhaja daga Jamus da ke cika faifai da bayanai ta dawo ta karanta ta ga ko sun canza. Muka ce ta gwada megabait 4000 na farko kawai. Ta dawo da rahoton gurɓatattun wurare. Ya bar ta ta kwana tana gwada dukkansa, da safe ta nuna abin da filash ɗin ke iya riƙewa da gaske bai kai gigabait 8 ba. Sauran rubutu ne a jikin roba. Abin da ya fi damuna a nan ba aikinmu ba ne. Irin wannan filash mutane ke saye su zuba hotunan biki da takardun makaranta, kwamfuta ta nuna musu komai ya shiga, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar babu.

## Alhamis: faifai biyu da ba a gani

Muka rubuta hoton vga a tsohon filash. Ya tashi ba tare da umarnin jinkiri ba, har zuwa wurin rubuta suna. Sunan installer, kalmar sirri opnsense, su ke buɗe shirin ɗorawa. Muka zaɓi tsarin kibod, muka zaɓi ZFS a matsayin tsarin ajiye fayil a faifai, aka kawo jerin faifan da za a ɗora a kai. Guda ɗaya ne a ciki, da0. Yatsansa na kan maɓalli na riƙe hannunsa.

"Tsaya, ƙanena. Karanta mini girmansa."

Gigabait 7 da ɗoriya. Filash ɗin da muka tashi daga kansa ne. Faifan sabar guda biyu ba su fito ba.

Faifan ba su haɗu da injin kai tsaye ba, a bayan katin RAID suke. H710 ba ya miƙa wa manhaja faifai tsirara. Sai an haɗa masa su a matsayin faifai na ƙirƙira, shi ne yake nunawa. Muka sake kunnawa, muka danna Ctrl da R lokacin da sunan katin ya fito. Duka biyun na nan, kowanne da kalmar Foreign a gefensa. Katin na rubuta ɗan bayani a jikin kowane faifai game da rukunin da yake ciki. Waɗannan daga wani injin aka ciro su, suna ɗauke da bayanin tsohon rukuninsu, shi ya sa katin ya ɗauke su baƙi ya ƙi taɓa su. Zaɓi biyu ya ba mu: Import, a karɓi tsohon tsarin da abin da ke cikinsa, ko Clear, a watsar da shi.

Wannan ba hukuncin ma'aikaci ba ne, don haka muka shiga ofis. Na ce, "Ranki ya daɗe, mai yiwuwa akwai bayanan masu injin na da a faifan. Idan muka ci gaba za su tafi gaba ɗaya." Ta ce, "Malam, ba namu ba ne, ba mu da hurumin leƙawa. A goge." Muka yi Clear, muka haɗa su RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan. Muka zaɓi cikakkiyar shara maimakon ta gaggawa, domin ita ce ke bin kowane lungu na faifan ta danne tsohon bayani. Ta ɗauki sama da awa guda.

A wannan jiran muka tattauna zaɓin ZFS, don akwai ja a kansa. ZFS ya fi son ya ga faifai da kansa. Idan shi ke riƙe da kwafi biyu, ya tarar ɗaya ya gurɓace, sai ya gyara daga ɗayan. A bayan katin RAID faifai ɗaya yake gani, don haka zai gane ɓarna amma ba shi da kwafin da zai gyara fayil daga gare shi. Wasu kan sauya wa katin manhajar cikinsa don ya riƙa miƙa faifan kai tsaye, amma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki ana iya rasa katin. Ba mu bi nan ba. Muka bar wa katin aikin kwafi, domin idan faifai ya mutu fitilarsa za ta canza launi, a zare a sa wani ba tare da rubuta umarni ba. Muka ɗora ZFS a kai saboda yadda yake rubutu: ba ya danne tsohon bayani sai sabon ya zauna, shi ya sa yake jure ɗaukewar wuta fiye da UFS, ɗaya tsarin da shirin ɗorawar ke bayarwa, wanda kan buƙaci a duba shi a gyara bayan irin haka.

Da muka koma shirin ɗorawa, faifai mai kusan gigabait 279 ya fito a jerin. Da girmansa muka gane shi, ba da suna ba. Ɗorawar ba ta kai minti 10 ba. Muka sa sabuwar kalmar sirri. La'asar ta yi, ina da wani alkawari, na tafi daidai lokacin da ya danna a sake tashi. Shi ya zauna har magariba yana rubuta dokokin katangar.

## Juma'a: aikin jiya ya ɓace

Da safe ya kunna ya tarar babu doka ko ɗaya. Ya kuma ambaci wani abu da ya faru jiya: sabuwar kalmar sirrin ba ta buɗe masa ba, tsohuwar ce ta buɗe, sai ya ɗauka kuskuren yatsa ya yi wajen sa ta. Da na iso na zagaya bayan injin. Filash ɗin na nan a soke. A saman wurin rubuta suna kuma akwai layin da ke cewa manhajar na gudana ne kai tsaye daga abin ɗorawa.

OPNsense na tashi daga filash a matsayin cikakkiyar katanga mai aiki, shafinta iri ɗaya da na wadda aka ɗora, amma duk canjin da aka yi mata a RAM yake zama, da an kashe ya tafi. Sabar ta koma filash ne saboda ɗaga shi da aka yi zuwa saman jerin tashi ranar Talata. Wannan saitin na cikin littafinmu, mu biyu muka rubuta shi ranar Laraba, ba mu mayar ba. Muka zare filash, muka sa faifai a sama, ta tashi, sabuwar kalmar sirri ta buɗe.

Bayan saukowa daga masallaci muka haɗa kebul. OPNsense na ɗaukar kafa ta farko, bge0 a wannan injin, a matsayin ta cikin gida, ta biyu kuma, bge1, ta waje. Shi a ta farko ya soke kebul ɗin rauta, muka sauya. Kafar waje ta karɓi adireshi daga rautar, amma intanet bai zo ba. Adireshin da ta karɓa ma da 192.168.1 ya fara, don rautar kamfanin da katangar duk wannan zango suke amfani da shi tun daga masana'anta. Unguwa biyu suna ɗaya, ɗan aike bai san wadda zai nufa ba. Daga allon injin muka danna zaɓi na 2, muka mayar da cikin gida 192.168.20.1. Ofis muka ba shi kafa ta uku da zangon 192.168.30, muka rubuta dokar da ta hana zauren ɗalibai isa gare shi. Sabuwar kafa a OPNsense a rufe take zuwa, sai da muka rubuta mata dokar fita sannan kwamfutar akawu ta ga intanet.

Ƙarfe 4:40 na yamma kwamfutar farko a zauren ɗalibai ta buɗe shafi. Kafin mu tashi ya sauke fayil ɗin saitin, ya ajiye a laftof da kuma kwamfutar ofis.

## Makonni uku bayan nan

A ƙarshen Oktoba aka shiga katsewar wutar da ta mamaye yawancin Arewa har sama da mako guda. Cibiyar ta koma kan janareta, ƙaramin UPS ɗinta, batirin da ke riƙe inji idan wuta ta ɗauke, kuma minti 6 kacal yake riƙe sabar. Littafinsa ya nuna sau 9 injin ya mutu ba a kashe shi da hannu ba. Duk sau 9 ya tashi da kansa. Da wuta ta dawo muka sa ZFS ya bi faifan ya duba, bai sami ɓarna ba. Datar watan ta kai ƙarshen wata, amma ba zan jingina wannan ga katangar ba tukuna, don kwanakin duhun an rage aiki sosai.

## Hukuncina

Sabar da aka so mayarwa ranar Talata babu abin da ya same ta. Kafofin gaba da faifan da suka zo da tsohon tsari gadon masu ita na da ne, kowanne an warware shi cikin mintuna da aka gano shi. Abin da ya ci kwanaki yawancinsa a laftof ya faru, tun filash bai taɓa injin ba: kwafar fayil, amsa wa Windows, zaɓen hoton serial. Kaya ɗaya ne kawai ya kasance lalatacce a duk makon, shi ne sabon filash, wanda aka saya don magance matsalar da ba ta tsohon ba ce.

Ranar Talata ce ta fi tsada a wurina. Tsayawar rubutu a allo alama ɗaya ce da dalilai da yawa ke haifarwa, shi kuma ya riƙa gwada maganin kowanne a tare. Ko da ɗaya ya yi aiki ba zai san wanne ba ne. Wani canjin na ranar ma sai da ya biyo mu har Juma'a ya cinye aikin yamma guda. Ban ga laifinsa a rashin sani ba, wannan ne karonsa na farko da FreeBSD, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa cewa layin ƙarshe na allo da fitilar filash shaidu ne. Nawa kason a fili yake: na bari an yi aiki da filash ɗin da ba a gwada ba, bayan jinkirin rubutunsa ya riga ya nuna alama, na kuma tafi ban ga tashin farko daga faifai ba. Abin da ya taƙaita wahalar Laraba shi ne shaidu biyun da ke littafi. Ba don su ba, da kuskure mai lamba 5 ya sa mun koma zargin RAM da kafofin USB.

Abu ɗaya ban gamsu da shi ba har yanzu, injin ya fi ƙarfin aikin. Ƙaramin allon gabansa na nuna wat 120 da 'yan kai ko da babu kowa a zaure, alhali ƙaramin akwati marar fanka mai kafofin Intel zai riƙe kwamfuta 45 da kaso kaɗan na wannan wuta, UPS ɗin kuma ya daɗe yana riƙe da shi. Na gaya wa Hajiya, ta ce a bari a fita lokacin jarrabawa. Idan an sayo, fayil ɗin saitin zai koma can yadda yake, illa sunayen kafofin da za su tashi daga bge su koma na Intel, sai an sake nuna wa manhajar wacce ce ta gida, wacce ce ta waje, wacce ce ta ofis. Sabar kuma za ta koma riƙe tambayoyin gwajin jarrabawa.